Tsaba, Tsaki ko Ɓuntu

Har zuwa ranin bara, duk wanda ya bi hanyar da ta ratsa gonakin shinkafa tsakanin Kura da Bunkure ranar Juma'a bayan la'asar, yakan ga wani dattijo zaune a gindin darbejiyar da ke bakin kwalbatin babban kanal. Siriri ne, baƙi, gemunsa ya yi fari fat, ƙafafunsa kuma duk faso saboda daɗewa a cikin ruwa. A gabansa akwai tsohuwar rikoda lulluɓe da tsumma, da murfin kwano guda a kife. Ba talla yake yi ba, ba kuma mota yake jira ba. Sunansa Maharazu, sana'arsa ban ruwa. A aljihunsa na ƙirji akwai wani kaset da amininsa Hambali ya ba shi domin ya saurara ya yanke masa hukunci. Rani biyu ke nan yana yawo da shi bai sa shi a rikoda ba, ga shi kuwa kunnensa ya fara mutuwa.

An haifi Maharazu tun ruwan Tiga bai iso ƙasar Kura ba, lokacin da noma na damina ne kaɗai, da an yi girbi kuma maza su watse neman abin yi. Yana ɗan saurayi manyan motoci suka zo suka tsaga ƙasa, aka shimfiɗa kanal, aka wayi gari ga ruwa yana gudu a tsakiyar rani. Gonar mahaifinsa ƙarama ce, da aka raba gado kuma abin da ya same shi bai kai a kira shi gona ba. Saboda haka ya zama ɗan ban ruwa, wato wanda masu gona ke ɗauka ya shayar musu da shuka. Aikin ba shi da wuyar bayani: a janyo ruwa daga ƙaramin kanal da bututu, a sare bakin fangali da fartanya, a tsaya har ya sha, a toshe, a wuce na gaba. Wuyarsa ɗaya ce, ita ce tsayuwar. Mutum zai wuni cikin taɓo har idon sawu, ba shi da abokin hira sai balbela.

Wannan kaɗaicin ne ya sa ya sayi rikoda tun kafin ya yi aure. Yakan rataye ta a kan sanda a tsakiyar gona, ya sa kaset, ya bar ruwa da kiɗa su yi ta tafiya tare. Da ya auri Iyatu, mai sana'ar turara shinkafa, takan ce ita amarya ce, uwargidan tana rataye a jikin ƙusa. Amma ita ma tana da kaset guda nata na kanta, na wasu mata masu waƙa da kiɗan ƙwarya, wanda ta zo da shi cikin kayanta. Shi take sawa idan ta ɗora tukunyar turara, tana amshi ƙasa-ƙasa. Allah ya ba su 'ya ɗaya, ta girma, aka kai ta Dawakin Kudu.

Majalisar gindin darbejiya ba wanda ya zauna ya kafa ta. Hashimu direba ne ya fara tsayawa a wurin, domin ya ji kiɗa yana tashi daga rikodar Maharazu. Shi mai kai tumatir Kudu ne, ba ya dawowa sai da kaset-kaset daga tashoshin da ya ratsa: kiɗan jita na Kwango, waƙoƙin Sudan masu ɗan karen taushi, goge da gurmi na Nijar, da wasu ma da ba wanda ya san ƙasarsu. Daga nan Sammani tela ya shigo, sai wani da ake kira Dattijo, wanda ke da shanu da gona a bayan gari, ba ya kuma ƙaunar kome kamar sarewa. Na ƙarshen zuwa shi ne Hambali, mai injin casar shinkafa, gajere, kakkaura, mai murya kamar ana faɗa ko da gaisuwa yake yi.

Da farko gardama kurum ake yi, kowa ya yabi nasa, a tashi ba a san inda aka tsaya ba. Hambali ne ya kawo tsari, daga gidan casa kuma ya ɗauko shi. Ya ce duk abin da aka zuba wa inji kashi uku yake fitowa: tsaba, wadda ake kai wa kasuwa, tsaki, wato karyayyar shinkafa da ake ci a gida ba a kai wa baƙo, sai ɓuntu, ɓawon da inji ke fesarwa a bayan ɗaki. Ya ce waƙa ma haka take. Tun daga ranar kowannensu ya riƙa zuwa da ƙulli uku a aljihu.

Dokokin ba su da yawa, amma ba a wasa da su. Kowace Juma'a mutum ɗaya ne zai kawo kaset, bi da bi. Ba a magana har sai an ji gefe biyun duka, ko da kiɗan ya ishi mutum. Idan ya ƙare, kowa zai sa hannu a aljihu, ya dunƙule abin da ya zaɓa, a miƙo hannaye a kan murfin kwano, a buɗe lokaci guda, don kada wani ya bi ra'ayin wani. Wanda ya kawo kaset ba ya zubawa, nasa ido ne. Babbar dokar kuwa ita ce ba a leƙe: ba wanda zai saurari kaset a ɓoye kafin zama. Jin farko a gaban mai shi ake yinsa, hukunci kuma a gaban idonsa ake zuba shi.

Wanda bai taɓa ganin fushin Hambali a kan murfin kwanon nan ba, bai san Hambali ba. Wata Juma'a ya kawo kaset na wani mai garaya da ya kwana biyu yana kurantawa. Da aka buɗe hannaye, sai ga ɓuntu yana zuba daga tafin Hashimu.

"Ɓuntu? Hashimu, ɓuntu fa ka zuba!"

"Ɓuntu na zuba. Da akwai abin da ya fi shi arha ma, shi zan zuba."

"Kai da kunnenka ya saba da hon ɗin tirela, ina ka san garaya?"

"Garaya kam na san ta. Wannan mutumin naka tsohuwar ƙofa ya samu, yana buɗewa yana rufewa."

"To, Sarkin Ruwa," in ji Hambali, ya juya ga Maharazu, domin haka yake kiransa, "kai da ake ganin kana da hankali, me ya kai ka tsaki?"

Maharazu ya shafa gemu, ya ce, "Hannunsa yana da kyau. Amma ya sami hanya ɗaya ya ƙi sauka daga kanta. Ko ruwa, idan ya daɗe a fangali guda, shuka ruɓewa take yi."

"Ku tashi ku duka ku je ku wanke kunnuwanku a kanal!"

Da wannan kalmar Hambali yake rufe kowace gardama, aka saba har ta zama kamar sallama. Amma kowa ya lura, idan an buɗe hannaye, tafin Maharazu yake fara duba. Maharazu ba mai saurin yabo ba ne, ba a kuma taɓa ganin ya zuba tsaba don kunya ba. Ko kaset ɗin da ya sami tsabarsa, sai ya faɗi inda ya so ya yi rauni. Shi ma ya kawo nasa sun sha ɓuntu ba sau ɗaya ba, ya kwashe abinsa ba tare da gardama ba. Kaset guda ne kaɗai bai taɓa yarda ya kai gindin darbejiya ba, wato na Iyatu. Ya san bakin abokansa, ba ya so ya koma gida da ɓuntu a kan abin da take amshi da shi.

Majalisar ba ta watse da faɗa ba, zaizayewa ta yi kamar bakin kanal. Hashimu ya tafi Kudu da lodin tumatir, labarinsa kaɗai ya dawo. Dattijo ya ga gonaki sun cinye burtali, ya kora shanunsa ya yi gabas, bai ko ɗauki kaset-kaset ɗinsa ba. Sammani ya zo wata Juma'a ba tare da ƙulli ba, ya ce ya yi shawara da kansa, ya bar sauraron kiɗa, abin da ya rage masa na kwana zai ba wa karatu. Ba wanda ya ja da shi, har yau kuma suna gaisawa da Maharazu a masallaci cikin mutunci. Iyatu ma ta rasu a wata damina, bayan gajeriyar jinya. Maharazu ya naɗe kaset ɗinta a cikin kallabinta, ya sa a can ƙasan akwati.

Suka rage su biyu. Wannan ya kawo, wancan ya zuba, mako mai zuwa a juya. Masu wucewa a kan babur sukan yi musu dariya: tsofaffi biyu, rikoda ɗaya, suna zaune shiru kamar masu zaman makoki, sa'an nan can a ji ɗaya ya ɓarke da ihu.

Juma'arsu ta ƙarshe, Hambali ya zo yana ta rawar jiki. Ya ce wani ɗan kasuwar shinkafa daga Damagaram ya kwafo masa tsohon kaset na wani mai goge da ya daɗe da rasuwa, wanda ba a taɓa jin irinsa a ƙasar nan ba. Aka sa hannu a rikoda, sai aka tarar robar da ke juya kaset ta tsinke. Hambali ya zagi rikodar, ya zagi wanda ya ƙera ta, sa'an nan ya cusa kaset ɗin a aljihun Maharazu.

"Riƙe shi a wurinka, kada yaran gidan casa su yi mini wasa da shi. Amma ban da leƙe, Sarkin Ruwa. Wallahi idan ka leƙa, a fuskarka zan gani."

"Yaushe ka taɓa kama ni da leƙe?"

"Ban taɓa ba, shi ya sa nake zarginka. Mako mai zuwa ka cika aljihu da tsaba, ba sai ka wahalar da kanka da sauran biyun ba."

Kafin wata Juma'ar ta zagayo, Hambali ya faɗi a bakin injinsa. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Aka kai shi asibiti a birni, daga can kuma 'yarsa Rahma ta ɗauke shi zuwa gidan aurenta a Kumbotso. Maharazu ya je dubiya sau ɗaya, tun suna asibiti. Ya tarar da mutumin da muryarsa ke tsallake kanal kwance, bakinsa ya karkace, ana ba shi kunu da cokali. Da Hambali ya gan shi sai ya juya fuska bango. Maharazu ya yi addu'a, ya fito, hannunsa a kan aljihu. Bai sake komawa ba. Ya gaya wa kansa cewa ba a kai wa majinyaci kiɗa, mutane ma me za su ce? Ya ce zai jira har Hambali ya warke ya dawo da ƙafarsa, a yi abin yadda aka saba.

Ya gyara rikodar. Kowace Juma'a ya ɗauke ta ya tafi gindin darbejiya, ya kife murfin kwano, ya zauna har rana ta yi ja. Ba ya sa kome, domin layin Hambali ne, ba a kuma tsallake layi.

Suhaibu, ɗan ƙanensa, magidanci mai shagon cajin waya a Bunkure, ya ga abin ya dame shi. Ya samo masa waya, ya sa shi cikin wani zaure na masoya tsofaffin waƙoƙi, inda ake da mutane daga Sakkwato har Maraɗi. Ya ce, "Baffa, ga majalisa nan da ta fi taku girma, ba kuma sai kun fita rana ba." Maharazu ya gwada da zuciya ɗaya. Wani zai turo waƙa ya ce a ba ta maki, kafin a ƙifta ido amsoshi sun zubo, wannan ya ce goma bisa goma, wancan ya turo hoton wuta. Shi kuwa sai ya nemi sauran waƙoƙin da ke tare da ita a kaset ɗinsu na asali, ya saurare su a jere, ya kwana da su a ransa, sa'an nan ya aika saƙon murya mai tsawo, da sallama da kome. Ya tarar an daɗe da wucewa wurin, ana gardamar wani abu dabam. Sau ɗaya aka taɓa amsa masa. Wani ya rubuta, Suhaibu ya karanta masa: "Baba, a riƙa taƙaitawa." Ya mayar wa Suhaibu wayarsa, ya yi masa godiya.

Batun kunne kuwa a hankali ya zo. Shekaru da yawa ke nan da ciyawa ta cushe ƙananan kanal, ruwa ya daina isa gonakin ƙarshe, masu gona suka koma injin ban ruwa. Maharazu ya yi rabin rayuwarsa a tsaye kusa da injin nan mai ƙarar tsiya. Abin da ya fara lura da shi shi ne tsuntsayen da ke sauka a shinkafa sun daina kuka, alhali yana ganin bakunansu suna motsi. Daga baya wani kuka kamar na gyare ya tare a kunnensa na dama, ba dare ba rana. Aka duba shi a asibiti, aka ce ba datti ba ne balle a wanke, jijiya ce ta gaji, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma bin sa zai yi. Da ya koma gida ya ɗauko wani kaset na sarewa da Dattijo ya bari, wanda ya sani kamar tafin hannunsa. Ya ji gangar da ke ƙasa sarai. Sarewar kuwa sai ta riƙa zuwa tana ɓacewa, kamar mai tafiya a bayan dawa.

A nan ya gane cewa jiran da yake yi ba haƙuri ba ne. Idan ya ƙara wani ranin, Hambali zai iya dawowa ya tarar babu wanda zai ji masa kaset ɗinsa. Leƙe kuwa bai ko zo masa a rai ba. Hanya ɗaya ta rage. Ranar Juma'a ya sa sabon batir, ya sake ƙulla tsaba da tsaki da ɓuntu, ya sa murfin kwano cikin buhu tare da rikoda, ya hau motar Kano.

Rahma ce ta tarbe shi a soro, ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ku ne da tsakar ranar nan? Sannunku da zuwa. Kun yi wuyar gani."

"Na yi, 'yata, ba ni da ta cewa. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi za a ce. Yana ci, yana sha, amma magana sai ya ga dama. Wani lokaci a wuni bai ce kome ba." Idonta ya sauka a kan buhun, inda hannun rikoda ya leƙo. "Baba, wannan fa? Karatu muke sa masa."

"Ba zan hana karatu ba. Alkawari ne tsakanina da mahaifinki, ba zai wuce sa'a guda ba."

Rahma ta sake duban buhun. Ta girma tana ganin mahaifinta yana dawowa ranar Juma'a yana huci, ta san abin da ke cikin ƙullin nan uku. Ta matso kusa, Maharazu ya juyo mata kunnen hagu.

"To, Baba, alfarma ɗaya. Kome kuka ji, don Allah ku zuba masa tsaba. An ce kada a ɓata masa rai."

Maharazu ya ɗauki buhunsa. Ya cire takalmi ya shiga.

Hambali yana jingine da matashi a kan katifa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hannun dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Ya dubi baƙon nasa, ya fara juya fuska bango kamar wancan karon. Maharazu bai gaishe shi da jiki ba. Ya zauna a tabarma, ya ajiye rikoda, ya ɗora murfin kwano a tsakaninsu, ya zaro kaset daga aljihu ya ɗaga.

"Ban leƙa ba. Duba fuskata."

Hambali ya juyo. Ya daɗe yana dubansa. Sa'an nan ya ɗaga yatsan hannun hagu ya nuna rikoda.

Maharazu ya kai murya ƙarshe, ya kwantar da kunnen hagu kusa da lasifika, ya rufe ido. Ƙwarya ce ta fara, a natse, kamar tafiyar raƙumi. Sai gogen ya shigo. Idan ya yi ƙasa yana jin sa, yana da kauri da wani irin kuka da ke taɓa ƙirji. Idan ya hau sama sai ya ɓace masa, ya bar shi da gyarensa, har ya sake saukowa. Muryar mawaƙin ta tsufa amma ba ta rawa, 'yan amshi kuma suna karɓa daidai inda ya ajiye. Ko da rabin da yake ji, ya san Hambali bai yi ƙarya ba. Da gefen farko ya ƙare, a ransa tsaba ce.

Ya juya kaset. Waƙa ɗaya ta wuce lafiya. A ta biyu sai ya ji masu ƙwarya sun fara gaggawa. Ya ce ko kunnensa ne ke yaudararsa, ya ɗora tafin hannu a kan rikodar don ya ji bugun a jikinsa. Ba kunnensa ba ne. Ƙwaryar tana gudu kamar ruwan da ya fasa bakin fangali, mawaƙin yana bin ta yana haki. Daga nan kuma ya bar waƙa ya koma jero sunayen attajirai, wane ɗan wane, wane mai kaza, har zaren ya ƙare.

Rikoda ta tsaya da kanta. Maharazu ya buɗe ido. Ga Rahma a bakin ƙofa da kofin ruwa, tana roƙonsa da ido. Ga Hambali, idonsa ƙur a kan aljihu. Maharazu ya sa hannu. Yatsunsa sun san kowane ƙulli ba sai ya duba ba. Ya taɓa tsaba, ya ji santsinta. Ba abin da ya fi sauƙi kamar ya zuba ta, kowa ya ji daɗi, ya koma gida. Amma ya san Hambali ya ji gudun ƙwaryar nan fiye da yadda shi ya ji. Idan ya ga tsaba a murfin kwano, zai gane cewa abokinsa dubiya ya zo, an sa masa kiɗa kamar yadda ake ba shi kunu da cokali.

Ya miƙa hannu, ya buɗe. Tsaki ya zuba a kan murfin, yana ƙara siririya wadda shi bai ji ba.

Hambali ya dubi murfin. Hannun hagu ya daki katifa.

"Tsa... tsaki?"

"Tsaki. Gefen farko ba ni da abin cewa. A na biyu masu ƙwarya sun gudu sun bar shi, shi kuma ya bar waƙa ya koma roƙo. Kai ma ka ji."

Fuskar Hambali ta cika, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Rahma ta yunƙuro za ta shigo. Sai murya ta fito, a karkace, a daddatse, amma da ƙarfin da Maharazu ya ji ta ba tare da ya juya kunne ba.

"Je ka... wanke... kunnenka... a kanal!"

Rahma ta tsaya cak, ruwa yana zuba daga kofin bisa ƙafarta. Tun da aka kawo shi gidan nan ba ta ji ya haɗa kalmomi haka ba.

Maharazu ya yi dariya har ya share ido da hannun riga. Da dariyar ta lafa ya ce, "An duba, Hambali. Ba mai wankuwa ba ne. Injin ban ruwa ya cinye shi. Gogen nan da kake taƙama da shi, duk inda ya hau sama ban bi shi ba. Abin da na ji, shi na yi wa hukunci, ban kuma rage maka kome ba. Amma wannan ne na ƙarshe da zan zuba. Nan gaba idan na zuba, ƙarya zan yi."

Hambali ya dubi tsakin, ya dubi abokinsa, numfashinsa yana sauka a hankali. Can ya miƙo hannun hagu, tafin a buɗe.

"Kawo."

Maharazu bai gane ba, sai da yatsan ya nuna aljihunsa. Ya zaro ƙullin uku ya ɗora masa. Hambali ya damƙe su, ya tura ƙarƙashin matashi.

"Juma'a. Kai... kawo. Ni... zuba."

Rana ta yi sanyi sa'ad da mota ta sauke shi a bakin hanya. Ya bi gefen kanal a ƙafa, buhu a kafaɗa. Ruwan yana gudu kamar kullum, yana karo da bakin kwalbati yana kumfa, ba ya jin ko ɗigonsa. Ya wuce darbejiya bai tsaya ba.

A gida ya janyo akwati. Kusan duk abin da ke ciki majalisa ta riga ta ji shi, wanda aka ji kuwa ba a sake kawo shi. Ya yi ta ɗagawa yana ajiyewa har ya kai ƙasa, inda kallabin Iyatu yake. Ya kwance shi. Ya sa biro a ramin kaset ɗin ya juya, ya ga zaren bai manne ba. Ya sa a rikoda. Muryoyin matan suka taso masa daga nesa, kamar ana biki a wani ƙauye a hayin ruwa. Bai iya rarrabe kalmomin ba, amma ya san su, ya san ma inda Iyatu take shigowa da amshi. Ya ɗora tafinsa a kan lasifika, ƙwaryar tana bugun hannunsa.

Bai san abin da Hambali zai zuba ba. Mutumin yana da tsaki a ransa da zai rama, ɓuntu kuma yana ƙarƙashin matashinsa. Maharazu ya bar kaset ɗin ya kai ƙarshe, ya mayar da zaren farko, ya naɗe shi a kallabin, ya sa a aljihun ƙirji inda ɗayan ya yi rani biyu.